Ɗakin da Ban Shiga Ba

Zuwa ga Shugaban Dillalan Gidaje da Filaye na yankinmu, tare da dattawan da ke zama a majalisarsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi ta'ala wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk waɗanda Allah ya ɗora maka nauyinsu. Ina yi maka barka da damina, Allah ya nuna mana kaka lafiya. Ina kuma gode maka bisa wakilai biyu da ka turo mini gaisuwar rasuwar mai ɗakina. Na gan su, na ji addu'arsu, Allah ya ba da lada.

Ranka ya daɗe, ni ba mutumin ƙorafi ba ne. Shekara talatin da biyar na yi ina aikin dubagari kafin in ajiye, kuma a tsawon waɗannan shekaru na rubuta rahoto a kan gidajen mutane da ba zan iya ƙirgawa ba: wannan makwarararsa ta toshe, wancan rijiyarsa ta yi kusa da masai, wancan kuma ɓeraye sun rarake masa gindin bango. Yau ce rana ta farko da nake rubuta rahoto a kan gidan kaina. Da maganar tsakanina da kai ce kawai, da na tako har zaurenka mun zauna a tabarma mun yi ta, kamar yadda aka san dattawa da yi. Na zaɓi in rubuta ta a fili ne domin akwai mutum na uku a cikinta, wanda ban san shi ba, bai san ni ba, kuma ana shirin kai shi inda aka kai ni. Ina roƙon ka yi haƙuri da tsawon bayanin. Zan bi shi daki-daki.

Na farko: dalilin gaggawata.

Matata, Hajiya Zulai, 'yar Darki ce. Shekara arba'in da ɗaya muka yi tare, kuma in ban da watanninta na ƙarshe, duk a gidajen haya muka yi su. Sau tara muka ɗaure kaya muka sake gida. Ba ta taɓa yi mini gori ba, sai dai tana da wata magana da takan yi cikin raha, cewa ita ba ta taɓa dasa ko zogale ba tun da aka kawo ta, domin ba ta san wace mata ce za ta zo ta ci ganyen ba.

Bara, bayan an gama girbi, abubuwa biyu suka zo mini a lokaci guda. Haƙƙina na barin aiki ya fito bayan dogon jira, sannan likita ya ja ni gefe ya yi mini irin maganar da ba a yi a gaban majiyyaci. Daga ranar ba ni da wani buri sai in ga Zulai ta kwana a ɗakin da yake nata kafin ta bar duniya.

Sai na nemi ɗaya daga cikin dillalanka. Ba zan ambaci sunansa a nan ba; kai ka san shi, shi ma ya san kansa. Ɗan abokin aikina ne marigayi, na ci naman sunansa, kuma Baba Malam yake kirana tun yana ƙarami. Ban ɓoye masa komai ba. Na faɗa masa abin da ke hannuna, na faɗa masa abin da likita ya ce. Ina so a lura da wannan sosai: ya san cewa mutumin da ke gabansa ba shi da lokacin ja-in-ja.

Na biyu: ranar da aka kai ni ganin gida.

Gidan yana Sabon Gari. Mai shi ɗan kasuwar hatsi ne da Allah ya yi wa rasuwa, magada kuma suna son a sayar a raba. Mun je ranar wata Talata da hantsi. Mun tarar an share tsakar gida tas an yayyafa ruwa, ga turaren wuta yana tashi a kasko har uku, ɗaya a zaure, ɗaya a bakin madafi, ɗaya a ƙofar babban ɗaki.

Ranka ya daɗe, idon da ya yi shekara talatin da biyar yana kallon gindin bango ba ya mantawa. Na ga sabon katako da aka buga a ƙasan ƙofar madafi, daidai inda ɓera kan gaigaya. Na ga baƙin layi mai maiƙo a jikin bango kusa da makwarara, irin wanda jikinsu ke bari idan sun daɗe suna bin hanya ɗaya. Na leƙa bayan randa, inda tsintsiya ba ta kai ba, na ga kashinsu, kuma ɗanye ne, bai bushe ba. A ƙarƙashin ƙanshin turaren nan ma akwai wani wari na fitsari da hancina ya sani. Na yi masa magana. Ya yi dariya ya ce, "Baba Malam, ashe har yanzu dubagarin bai yi ritaya ba. Wane gida ne a Wudil babu ɓera?" Na bar zancen, domin maganar tasa akwai gaskiya a ciki, kuma ɓeran madafi abu ne da na san maganinsa.

Muka zo babban ɗaki, wanda shi ne dalilin sayen gidan, domin shi ne mai sanyi, tagarsa na kallon gabas. Labule a sake. Dillalin ya rage murya ya ce, "Gwaggo, matar marigayin, tana takaba a ciki, Baba. Ai ka san ba a shiga."

Na sani. Na tsaya daga bakin ƙofa, na yi wa baiwar Allah ta'aziyyar mijinta ta bayan labule, ta amsa, na juya. Wannan shi ne iyakar dubawar da na yi wa ɗakin da zan kwantar da matata. Kafin sati ya zagayo an tara shaidu, an sa hannu, na biya, dillali ya karɓi la'adarsa cif, aka yi alkawarin ba ni makulli idan ta fita takaba.

A nan dole in tsaya in faɗi nawa laifin, domin ban rubuto wannan takarda don in wanke kaina ba. Lokacin da nake aiki, duk gidan da namiji ba zai shiga ba, da abokiyar aiki mace muke zuwa, ita ta shiga ta duba ta fito ta faɗa mini. Na san wannan hanya fiye da kowa a garin nan. Ina da 'ya, Saudatu, tana aure a cikin gari, kuma da na aika ta da ta je. Ban aika ta ba. Na ji nauyin in tura a bincika ƙarƙashin gadon matar da ke cikin jimamin mijinta. Akwai kuma abin da ya fi wannan, wanda sai yanzu nake iya furta shi: ina tsoron abin da za ta gano, domin idan ta gano dole in fasa, Zulai kuwa ba ta da kwanakin da zan sake neman wani gida. Wannan kasona ne, na ɗauka, kuma da shi zan je gaban Allah.

Na uku: kyautar fenti.

Da matar ta fita takaba ta koma gidan ɗanta, sai dillalin ya roƙe ni in ba shi kwana uku kafin mu tare. Ya ce yana son ya gyara wa Hajiya ɗakinta, ya yi masa fenti ya shimfiɗa sabuwar leda, kyauta, saboda zumuncin da ke tsakanina da mahaifinsa. Na yi ƙoƙarin biya ya ƙi. Na ɗaga hannu na sa masa albarka a gaban mutane.

Ranar da muka tare, a mota aka kawo Zulai har bakin zaure, ni da Saudatu muka riƙe ta zuwa ɗakin. Ta shafa bangon da tafin hannunta, ta daɗe tana shafawa, sannan ta dube ni ta ce, "Malam, to yanzu a nemo mini zogalen." Washegari Saudatu ta dasa shi daidai inda za ta riƙa hango shi ta taga.

A ƙarƙashin gadonta muka tura wani akwati, kuma sai na yi bayaninsa kafin a fahimci sauran maganar. Shekaru da dama da suka wuce, yayanta ya biya mata kujerar Makka. Mata suna dawowa da zinari da darduma, ita kuwa babbar tsarabarta farin yadi ne. Ta saye shi a can, ta wanke shi da ruwan zamzam da hannunta, ta shanya shi ya bushe a ranar Makka, ta ninke. Guda biyu ta yo, nata da nawa, domin ni Allah bai nufe ni da zuwa ba. Likkafaninmu ke nan. Duk shekara idan rani ya yi takan fito da su ta shanya a igiya, ta zuba kanumfari a tsakanin ninkin, ta mayar. Sau tara muka yi ƙaura, kuma a kowace ƙaura tun dawowarta daga Makka akwatin nan a cinyarta yake tafiya, ba a bayan mota ba. A shekara arba'in da ɗaya Zulai ba ta taɓa cewa in saya mata abu kaza ko in kai ta wuri kaza ba. Wasiyyarta guda ce, ta kuma maimaita mini ita a satin da muka tare: idan ta riga ni, a sa ta a cikin wannan yadi, kada a sa ta a wani.

Ba mu yi sati biyu ba ɓeraye suka bayyana. Na yi musu abin da na sani. Na kafa tarko, na sa magani inda kaji ba za su kai ba, na sa raga a bakin makwarara, na kwashe duk wani hatsi na zuba a garwa mai murfi, na samo kyanwa. Suka ragu a madafi da tsakar gida, har na fara jin cewa na ci ƙarfinsu. Abu ɗaya ne ban yi ba, ban ɗaga gadon Zulai ba. A lokacin ko juya ta aka yi sai ta yi nishi, ban ga yadda zan sa a ciccibe ta a fitar don in duba daɓe ba. A bana kuma ba ta da ƙarfin shanya yadin, ni kuwa bai zo mini a rai ba.

Wata safiya ina ba ta koko ta ce mini tana jin motsi a ƙarƙashinta. Na durƙusa da tocila na haska. Na ga fuskar akwatin lafiya lau, kwaɗonsa a kulle, leda a shimfiɗe sumul. Na miƙe na ce mata babu komai, ta kwantar da hankalinta. Ta ce to. Ta yarda da ni, domin a ganinta idan tsohon dubagari ya ce babu ɓera, to babu.

Na huɗu: ranar da ta rasu.

Wata huɗu ta yi a ɗakinta. Allah ya karɓi abarsa da hantsi, kwana kaɗan bayan ruwan farko. Aka sanar, maza suka cika zaure, mata suka shiga don yi mata wanka, aka aika a haƙa kabari, aka sa lokacin jana'iza bayan azahar.

Saudatu ce ta durƙusa ta jawo akwatin. Ta ce mini daga baya, tun da ta ji ya taho babu nauyi gabanta ya faɗi. Gindinsa bai biyo shi ba, a can ya tsaya. Ta ƙasa ɓerayen suka shige shi da ta baya, ta jikin bango, inda tocilata ba ta kai ba. Sun mayar da yadin sheƙa, sun haihu a ciki, sun yi fitsari a kai har ya koma ruwan ƙasa.

Ina zaune cikin mutane ina amsa gaisuwa sai aka ce ana kirana a soro na biyu. Na tarar da Saudatu a durƙushe. Ta buɗe mini tafin hannunta. Na ga zare-zare da 'yan kanumfari biyu.

Ranka ya daɗe, sai da aka tura mai babur kasuwa ya yanko yadi, makara tana jingine a ƙofar gida, mutane suna duban agogo suna kawar da kai don kada in ji kunya. A cikin wannan yadi na kasuwa, wanda ko awa biyu bai yi da barin kanti ba, aka sa Zulai.

Limaminmu ya riƙe hannuna a maƙabarta ya tunatar da ni cewa ba tufafi ake dubawa a can ba, aiki ake dubawa. Na san haka, na yi imani da haka, kuma ina kyautata zaton Allah ya karɓe ta da rahama. Amma abu guda ta roƙe ni a duk zamanmu, guda tak, kuma ni ne na durƙusa na haska na ce mata babu komai.

Na biyar: abin da aka tarar a ƙarƙashin ledar.

Bayan masu zaman makoki sun watse, na kira wani magini, Malam Tanko, na ce ya yaye ledar ya fasa daɓen. Ramuka ne a jere bin bango, wasu hannuna yana shiga har gwiwa. An cusa musu takardar buhun siminti da tsummoki, an shafe bakinsu da siminti mai kaurin farce, an bi da fenti. Da aka ƙara haƙawa sai ga ɓawon dawa da gero na shekaru. Ashe a ɗakin nan marigayin yake jibge buhunan hatsinsa, har sai da ciwo ya kwantar da shi aka kwashe.

Na lura maginin yana aiki ba ya haɗa ido da ni. Can sai ya ajiye gudumarsa ya zauna a dokin ƙofa, ya ce yana da magana, kuma in yafe masa. Shi ne aka kira ya toshe ramukan a cikin kwana ukun nan na kyautar fenti. Ya ce ya gaya wa dillalin cewa aikin ba zai kai sati biyu ba, sai an fasa daɓen gaba ɗaya an zuba kankare. Amsar da aka ba shi ita ce, in dai fenti ya bushe kafin su tare, shi ke nan.

Ita ma matar marigayin ta zo gaisuwa, tsohuwa mai mutunci. Da ta ji abin da ya faru da likkafanin, ta kama hannun Saudatu tana hawaye. Ta ce ita da bakinta ta gaya wa dillalin ya sanar da mai saye cewa ɗakin nan ya gagare su, ko tabarma ba ta kwana biyu a ƙasa. Ta ce ranar da na tsaya a bayan labule ta ji muryata, ta ɗauka an riga an faɗa mini. Da an ce mata ana son ganin ɗakin, da ta yafa mayafinta ta koma na kusa, takaba ba ta hana wannan ba. Ta ce, "Wallahi ba wanda ya tambaye ni."

Ka ga ke nan, ranka ya daɗe, ba addini ne ya hana ni shiga ɗakin nan ba, ba kuma matar ce ta hana ni ba. An san ni mutum ne mai jin nauyi, sai aka ɗauki jin nauyin nawa aka rataya shi a ƙofar a matsayin labule.

Na shida, kuma shi ne ainihin dalilin wannan takarda.

Bayan sadakar arba'in dillalin ya zo. Na zaunar da shi a zaure, na faɗa masa duk abin da na faɗa maka, ban ɗaga murya ba. Ya sunkuyar da kai, ya ce ƙaddara ce, ya ce bai taɓa zaton abin zai kai haka ba, ya ba ni haƙuri. Na fara jin zuciyata tana saukowa. Sai ya gyara zama ya ce, "Baba Malam, ka bar mini gidan nan in fitar da kai. Ina da mai saye, wani malamin firamare ne daga Ɗankaza, yana son ya dawo da iyalinsa kusa da gari. A mayar da daɓen, a yi fenti, ko kwabo ba za ka yi asara ba."

Na dubi fuskarsa ina neman alamar izgili, ban gani ba. Har zuciyarsa alheri yake ganin zai yi mini. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, domin ya nuna mini cewa ba kuskuren rana ɗaya ba ne, hanyar aiki ce da aka saba da ita har an daina ganin muninta.

Zan kuma faɗa maka abin da ban faɗa wa 'yata ba. Ban ce masa a'a nan take ba. Na ce ya ba ni lokaci. Kwana uku na yi ina juya maganar. Gidan nan shi ne duk abin da shekara talatin da biyar ta bar mini. Ba na iya shiga ɗakin nan in daɗe. Na ce a raina, ai ni ma haka aka yi mini, kuma malamin matashi ne, zai iya gyarawa. A rana ta uku ina alwala a tsakar gida sai na tuna dillalin ya ce mutumin yana da yara ƙanana. Na tambayi kaina me matarsa take ajiyewa a ƙarƙashin gadonta. Ban sani ba, amma na san kowace mace tana da abin da take ajiyewa a can.

Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Na san wannan takarda za ta karya darajar gidana, duk wanda ya karanta ba zai taya shi da rabin abin da na biya ba. Da sanina na rubuta. Ina so in rufe wa kaina wannan ƙofa a gaban jama'a, domin na ga yadda na kusa bi ta cikinta, kuma ban amince wa zuciyata ta sake yin wasu kwana ukun ba.

Ga abin da nake roƙo a wurinka da dattawan majalisarka.

Ina roƙon a nemi malamin nan na Ɗankaza, wanda dillalinka ya san inda yake, a karanta masa wannan takarda tun kafin a kai shi wani gidan.

Ina roƙon ku mayar da shi ƙa'ida cewa duk ɗakin da namiji ba zai shiga ba, saboda takaba ko jego ko kulle, dillali da kansa zai ce wa mai saye ya zo da mace daga danginsa ta shiga ta duba. Kada a jira mai saye ya nema, domin mutanenmu kunya ba za ta bar su su nema ba, kuma dillalai sun san haka.

Ina roƙon a hana fenti da shimfiɗa leda da toshe rami tsakanin ranar ciniki da ranar miƙa makulli, sai mai saye yana tsaye ya ga ɗakin babu kaya. A kuma bar shi ya dawo gani na biyu ba tare da an sa rana ba, lokacin da babu kaskon turare.

Ina roƙon a riƙa tambayar mai sayarwa da dillali a gaban shaidu, da baki, ko sun san wani aibi a gidan, a rubuta amsarsu a jikin takardar ciniki. Wannan ba sabon abu na kawo ba, kowane malami a garin nan zai gaya muku hukuncin ɓoye aibin abin sayarwa.

Game da shi dillalin, ban roƙi a kore shi ba, ban kuma nemi ya mayar mini da la'adarsa ba. Yana da iyali, mahaifinsa kuma ya taɓa raba tuwonsa da ni a ƙauyukan da aiki ya kai mu. Ku kira shi ku zaunar da shi. Idan da hali, ku turo shi ya zo ya tsaya a ɗakin nan da rana tsaka, ya sa hannunsa a cikin ramin da ya sa aka toshe. Bai taɓa ganinsa a buɗe ba tun bayan da ya cinye abin da ya cinye.

Ni kuwa ina nan a gidan. Na sa Malam Tanko ya bar daɓen a fashe har sai na samu halin zuba kankare, ko sai wanda zai saya ya gani da idonsa. Daga cikin yadin, Saudatu ta tsinto wani ƙyalle da bai wuce tafin hannu ba wanda bai ɓaci ba, ta wanke ta kawo mini. Ban sani ba ko daga nata ne ko daga nawa, domin tare ta ninke su. Na sa shi a gwangwani mai murfi, na gaya wa Saudatu inda za ta sa shi idan tawa ta zo. Zogalen ya kai kafaɗata. Ganyensa na farko maƙwabta na aika wa, ban iya ci ba.

Idan bayan duk wannan malamin Ɗankaza yana son ganin gidan, ina maraba da shi. Ya zo da matarsa, ya zo da tocila, ya zo ranar da ya ga dama. Ni da kaina zan nuna masa kowane rami. Na cire labulen ƙofar.

Allah ya ba ka ikon riƙe wannan amana, ya sa ka gama da mutanenka lafiya, ya tsare iyalinka daga irin ranar da na gani. Allah ya shiryi yaron nan, ya jiƙan mahaifinsa. Wanda duk ya karanta wannan takarda, ina roƙon ya sa Zulai a addu'a.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Malam Hudu, tsohon dubagari,
Sabon Gari, Wudil.